Ƙahon da Ke Bakin Ɗakin Sanyin Alhaji Sule

Ku ajiye wayoyin nan tukuna. Kai mai jar hula can baya, har da kai. Malamarku Madam Mariyama ce ta ce in zo cibiyar koyon sana'ar nan taku in yi muku hirar aikin firigo, wai ko kwa ƙaru. Ni ma kuwa tun daga bakin ƙofa na ƙaru, don na ji ɗayanku yana gaya wa abokinsa da Faransanci, yana zaton tsoho ba ya ji, wai aikin sanyi ba wani abu ba ne, ka zuba gaz ka yi gaba. To madalla da wannan ilimi. Ni shekara arba'in ke nan ina zuba gaz, har yau ban yi gaban ba, ina nan unguwar Arras ta Treichville inda aka san ni.

Sunana Idi, amma in kun je Treichville kun ce Idi kawai, mutum goma za a nuna muku. Ku ce Idi Firigo. Na zagaya ɗakin aikinku kafin ku shigo, na ga injin da kuke koyo a kansa. Tubarkalla! An kafa shi a kan tebur daidai ƙugu don kada bayanku ya yi ciwo, bututun zafi an shafa masa ja, na sanyi shuɗi, kowanne da sunansa a rubuce. Ban taɓa ganin firigo mai tarbiyya irin wannan ba. Na waje yana cikin lungu ne a unguwa irin Bromakoté, an jingina masa buhunan gawayi, ruwan kwata yana bi ta ƙarƙashinsa, in ka kwance bayansa kyankyasai ne za su fara yi maka sannu da zuwa. Ba wanda zai rubuta maka sunan bututu. Mai shi ma ƙarya zai yi maka.

E, ƙarya. Wannan ba ya cikin littafinku, don haka ku rubuta. Akwai wata Inna Rabi mai sayar da ƙanƙara da zoɓo a Bromakoté, ta aiko a kira ni, firigonta ya daina sanyi. Na tambaye ta ko an taɓa shi da wani abu. Ta ce, "Haba Malam Idi, ko kallon banza ba a yi masa ba." Na buɗe na shafa ruwan sabulu a bangon ciki, sai ga kumfa tana tashi a wuri uku, kowane rami daidai tsinin wuƙa. Wuƙar kuwa tana kan murfin, jikinta a jiƙe. Da ita take sarar ƙanƙara in masu saye sun matsa mata. Na ɗaga na nuna mata, ta dube ni ido cikin ido ta ce ta yanka albasa ce. Na toshe ramukan na zuba gaz. Bayan wata biyu aka sake kirana, albasa ta sake huda firigo. Sau shida na yi mata wannan aiki kafin ta tsufa ta bar sana'ar.

Wanda ya koya mini aiki Kwami ne, mutumin Togo, ya daɗe da barin duniya. Shekarar farko ko sukudireba ban taɓa ba. Tulun gaz nake ɗauka, in shiga bas da shi daga Treichville mu haye gada zuwa Adjamé, fasinjoji suna zagina suna matsawa don tsoron kada ya fashe. Shekara ta biyu ya ba ni soso da ruwan sabulu, in bi bututu ɗaya bayan ɗaya ina neman inda kumfa za ta tashi. Sai a ta uku ya bar ni na kunna wutar da muke liƙe bututun jan ƙarfe da ita, ranar kuwa na babbake girata ta hagu, ku duba, har yau ba ta gama dawowa ba. Yakan kafa bakin sukudireba a jikin kwamfuresa, wato abin da ke tura gaz ɗin, ya sa ƙotar a kunnena ya ce in gaya masa abin da ke damun injin. In na ce ban ji komai ba, sai ya ɗalle mini kunnen ya ce, "Yanzu fa?" Ku kuwa shekara biyu, da farar riga, da hutun ƙarshen mako, a ƙarshe a ba ku takarda mai hatimi da za ta shigar da ku manyan ɗakunan kifi na Port, tashar jiragen ruwa, inda ni maigadi ma ba ya barina in wuce. Allah ya ƙara muku lafiya.

Aikin da na zo in ba ku labarinsa shi ne ɗakin sanyin Alhaji Sule a Adjamé. Alhaji Sule dillalin shanu ne, ya gina ɗakin ajiyar nama a bayan kasuwa, irin wanda ke daskarar da cinyar sa ta koma kamar itace. Mahauta goma sha biyu ke ajiya a ciki, duk 'yan uwanmu Hausawa. Ni na haɗa injin, ni na rataya ƙofar, ni nake duba shi. Sai shekarar rikici ta zo. Ku lokacin kuna wasan ƙasa, ba za ku tuna ba. Jirage suka daina sauke kaya a Port, shagunan kayan gyara suka rufe, gaz ya ɓace a gari, har na koma ina zuƙo na matattun firigo ina ɗura wa masu sauran numfashi. A wannan hali makullin ƙofar Alhaji ya karye. Makullin ɗakin sanyi na musamman ne, yana da hannu a waje, yana da abin turawa a ciki. Na karaɗe Adjamé da Treichville ban samu ba. Sai na je wurin masu fasa tsofaffin motoci, na ciro makullin but ɗin wata woro-woro, tasin nan ta cikin unguwa, na sa aka yi mini waldarsa a jikin ƙofar. Kai, ya kama! Ka tura kawai, ƙyas, ta rufe ruf, ko iska ba ta shiga. Alhaji ya yi ta sa mini albarka, ni kuma na yi wata guda ina ba da labarin basirata a teburin mai shayi. Na ce masa na wucin gadi ne, da zarar gari ya lafa zan kawo na ainihi.

Gari ya lafa, jirage suka dawo, ni ban kawo ba.

A cikin mahautan akwai Ɗan'asabe, mutumin da in ya kama wuƙa yakan raba nama da ƙashi kafin ka gama gaisawa da jama'a. Wata Juma'a ya shiga ɗakin ɗauko kaya, daga shi sai singileti. Wani ya zo wucewa ya ga ƙofa a buɗe, ya tura ta don kada sanyi ya fita, ya tafi masallaci. Daga masallaci kuma duk layin suka wuce jana'izar wani dattijo. Sai bayan la'asar sakaliya aka buɗe. An same shi da rai, amma yatsu biyu na hannun damansa likita ya kasa ceto su. Mahauci ba babban yatsa ba manuni, ai ya tashi daga mahauci. Ya dawo ya kafa tire a gefen ƙofar yana sayar da yaji da kanwa da daddawa. Na je na yi masa jaje kamar kowa, na ce ƙaddara ce, na kuma zagi wanda ya tura ƙofar zagi mai kyau. Tun daga ranar da ya dawo, Ɗan'asabe ya samo ƙahon sa, kullum da safe ya cusa shi a bakin ƙofar ta ƙasa don kada ta rufe. Ba mai cire shi sai an tashi kasuwa, shi da kansa ya leƙa ya tabbatar ba kowa a ciki.

To ku masu ilimi, me ke faruwa in ƙofa ta wuni da tsagi kamar faɗin hannu, a garin da iskarsa jiƙe take sharkaf? Yauwa, 'yar nan ta gaba ta faɗa. Iska mai ɗumi tana shiga, ta daskare a kan bututan da ke hura sanyi, ƙanƙara ta toshe su, inji ya yi ta gurnani a banza. Na san wannan sarai. Abin da nake yi, duk mako biyu in zo da bokitin ruwan zafi in narkar da ƙanƙarar, in yi wa mahauta tsiya a kan taurin kansu, su yanko mini tsoka mai kyau in tafi gida. Shekara bakwai muna haka, kowa na jin daɗinsa.

Sai masu duba lafiyar nama suka fito da sharaɗi, wai ɗakin sanyi sai mai difloma ya duba shi ya buga hatimi. Ni hatimina shi ne girar nan da ta ƙone. Alhaji ya kira ni yana ta sosa ƙeya, ya ce, "Malam Idi, ka san ba don ni ba." Ya ba wani kamfani aikin, kamfanin ya turo wata yarinya da ta gama irin makarantar nan taku ko wata uku ba a yi ba, da farar riga da jakar kayan awo. Ga ta can zaune tana rufe baki, ita ce malamarku. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Na ɗauke ƙafata da bokitin ruwan zafina. Ba a yi wata biyu ba masu duba nama suka zo suka soka ma'auninsu a cinyar sa, ya shige kamar a tuwo. Suka ce sun ba da kwana biyar, ranar Asabar za su dawo, in sanyi bai kai inda suke so ba, za su liƙa takarda su rufe ɗakin. Rufe ɗakin kuwa, mahauta goma sha biyu sun rasa wurin ajiya ke nan, Ɗan'asabe kuma ya rasa masu sayen yajinsa.

Ni kuma sai shayin Adjamé ya fara yi mini daɗi. Kullum in haye gada in zo in zauna a bencin mai shayi da ke fuskantar ɗakin, in ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ga abin da nake kallo. Da zarar an hango farar rigarta daga bakin layi, sai wani ya yi fito, Ɗan'asabe ya zare ƙahon ya tura ƙarƙashin tirensa, a rufe ƙofa, kowa ya kama kansa. Tsoro suke kada mai farar riga ta gani ta hana su, kuma a ganinsu ɗan tsagin nan me zai yi wa wannan ƙaton inji? In ta shiga ciki su riƙe mata ƙofar da hannu, wai ladabi. Ita kuwa baiwar Allah ta narkar da ƙanƙara, ta auna gaz, ta auna wuta, ta bi robar ƙofa da yatsa, komai lafiya lau. Ta fito a rufe, ta zauna awa biyu tana kallon sanyi yana sauka yadda littafi ya ce. Tana juya baya a mayar da ƙaho. Washegari ta dawo ta tarar ƙanƙara ta sake yin gemu.

Rana ta uku ta zo har bencina ta durƙusa. Hausarta lokacin duk a karkace take, 'yar Treichville ce, babanta dako yake yi a Port. Ta ce, "Tonton," wato kawu, "don Allah, an ce kai ka yi ɗakin nan. In akwai abin da ka sani, ka faɗa mini." Na kurɓi shayi na ce, "Ni, 'yata? Ai ni ban shiga lakwal na yi boko ba. Duba littafin da kyau, wataƙila yana shafi na gaba." 'Yan benci suka kwashe da dariya. Ta tashi idonta ya kawo ruwa, ta je ta ce wa Alhaji tana zaton kwamfuresa ce ta gaji, sai an sake sabuwa, sabuwa kuwa ba za ta iso kafin Asabar ba. Na ji daɗi har cikin raina. Ina gaya muku ne don ku san irin tsohon da aka kawo muku.

Ranar Juma'a da hantsi, saura kwana ɗaya, na ga lokaci ya yi. Na sa babbar rigata. Na jira ta gama narkar da ƙanƙarar safiya, Alhaji ya iso, mahauta sun taru sun yi jugum. Na taso a hankali, na sa hannu ƙarƙashin tiren Ɗan'asabe na zaro ƙahon na ɗaga sama. Na ce, "Madam injiniya, ga kwamfuresarki da ta gaji." Na yi bayani tiryan-tiryan, da ƙarfi don na ƙarshen layi su ji. Na haɗa da mahauta na wanke su tas, na ce mutanen da ke sanyaya duk Adjamé da injin Alhaji, sannan suna mamakin nama ya yi laushi. Na yi jifa da ƙahon. Don in cika wasan, na karɓi ma'auninta na ce zan shiga in rufe kaina minti goma, su ga yadda ɗaki ke sanyi in an bar shi ya yi aikinsa. Na ce, "Kada wanda ya taɓa mini ƙofar nan sai na fito da kaina." Na shiga, na kama gefenta na fizgo. Ƙyas.

Wannan ƙarar na san ta, ni na yi ta. Fitilar ciki ta daɗe da mutuwa, hasken tsagin ƙaho ne ke isar kowa. Duhu ya rufe ni, fanka tana hura mini sanyi a ƙeya. Na ce bari in ɗan buɗe in ga lambar ma'aunin, na kai hannu inda abin turawa yake a kowane ɗakin sanyi. Ba komai. Na shafa sama, na shafa ƙasa. Abin da hannuna ya samu ramuka ne a jikin ƙarfen, birjik, wasu daidai ƙirji, wasu can ƙasa inda hannun mutum zai kai in ya durƙushe. Ƙugiyar rataye nama ce ta yi su. Shekara bakwai ina shiga ɗakin nan, ƙahon Ɗan'asabe yana riƙe mini ƙofa ni ma, ban taɓa juyowa na dubi bayanta ba. Na buga da hannu, na ƙwala kira. Bangon da na cusa wa soso mai kauri da hannuna ya shanye muryata, inji yana ruri, kasuwa tana hayaniyarta, kuma ni da bakina na ce kada a taɓa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, na fara salati.

Sai haske. Ɗan'asabe ne ya buɗe, da yatsunsa uku. Shi kaɗai ya ƙi bin umarnina. Ya tsaya yana kallona ina kakkarwa cikin babbar riga, ya juya ya tambayi jama'a, "Minti nawa ya yi?" Wani ya ce uku. Ya gyaɗa kai ya ce, "Sannu, Malam Idi. Uku ma da yawa." Ya sunkuya ya ɗauki ƙahonsa ya goge shi da gefen rigarsa.

Mariyama ta shiga da tocila ta haska bayan ƙofar, ta daɗe a tsaye. Ta fito ta ce, "Ina abin buɗewa na ciki? Wannan ne darasin farko da aka yi mana, tun kafin a nuna mana gaz. Ni ma kwana huɗun nan a jere ina shiga ban duba ba." Sannan ta ce, "Wa ya sa wannan makullin?" Mahauta goma sha biyu, da Alhaji, da mai shayi, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Duk sun sani. Shekara bakwai suna yanko mini tsoka, suna dariyar tsiyar da nake musu, ba wanda ya taɓa faɗa mini a fuska saboda furfurata. Na ce, "Ni ne." Muryar da ta cika layi ɗazu, da ƙyar ta kai kunnenta.

Ba ta rama ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Ta ce, "Tonton, ka zo da kayan aikinka?" Kafin a kira sallar Juma'a ta tari tasi ta je Treichville ta dawo da makullin ainihi, daga wani shago da nake wucewa ta gabansa kullum. Abu ne da bai fi tafin hannu ba. Bayan an sauko ni na yanke na but ɗin motar, ita ta ɗaura sabon, ta sa fitila. Mahauta suka ce sun ji sun gani, amma fa ba mai shiga a rufe shi. Sai ta je gaban tiren yaji ta durƙusa ta ce, "Baba Ɗan'asabe, in kai ka gwada, za su yarda." Mutumin da tun ranar da aka rufe shi bai sake taka cikin ɗakin ba. Ya daɗe yana kallon ƙofar. Ya miƙe ya shiga, aka rufe. Muka zuba wa ƙofar ido. Sai ƙofa ta buɗe daga ciki. Ya fito, ya koma aka sake rufewa ya sake buɗewa, har sau uku, na ukun yana dariya hawaye na zuba.

Ranar Asabar masu duba nama suka zo, ma'auninsu ya ƙi shiga cinyar sa, suka buga hatimi suka tafi. Ina shirin barin layin Ɗan'asabe ya kira ni ya miƙo mini ƙahon. Na fara kame-kame, ina neman bakin da zan roƙe shi gafara. Ya ce, "Riƙe, Malam Idi. Shekara bakwai yana yi maka aikinka, kai ya kamata ka ajiye shi."

Ga shi nan, a jakata yake zama tare da kayan awo. Ku miƙa wa juna ku taɓa, ba ya cizo. Wancan ɗan ɗakin sanyin da ke kusurwa, na ga ɗazu kuna shiga kuna fita kuna ɗaukar hoto. Kai mai jar hula, kai ne ka ce a zuba gaz a yi gaba, na gane muryarka. Taso ka shiga, ni zan rufe maka. A'a, me ka tsaya lalube a bayan ƙofa? To, laluba da kyau, ba sauri nake ba. Ni sai da na yi furfura, wani kuma ya rasa yatsu biyu, kafin hannuna ya kai wurin.